Abin Da Ke Kashe Motar Baba

A tsakiyar shataletalen gaban tasha motar ta tsaya mana, ƙarfe takwas saura na safiyar Litinin, daidai lokacin da kowa ke sauri.

Da karkarwa ta fara, irin ta mai zazzaɓi. Sai ta yi wata fizga gaba, har goshin Gwaggo ya bugi bayan kujerata. Wata fitila ta kama a gaban sitiyari. Injin yana kuka, amma motar ko motsi.

"Innalillahi! Yaya, kashe mu za ta yi?" in ji Gwaggo, tana dafe da goshi.

Baba ya mayar da giya baya, ya dawo da ita gaba, ya taka totur. Shiru. Wani ƙauri ya fara shigowa ta taga.

Nan da nan hon ya kaure ta ko'ina. Wani direban tasi, wanda Baba ya haifi wanda ya girme shi, ya leƙo da kai ya ɗaga murya.

"Tsoho! In ba ka iya ba, ka koma gida renon jikoki mana!"

Na ji maganar har cikin ƙashina. Shekara talatin da biyar Baba ya yi yana tuƙi a ma'aikatarsu kafin ya yi ritaya. In za a yi doguwar tafiya, manyan wurin rububinsa suke yi. Bai taɓa gogar ko fentin motar wani ba. Yau ga shi a tsakiyar titi, ɗan cikinsa yana koya masa tuƙi.

Na saci kallonsa. Hannunsa biyu na kan sitiyari, jijiyoyin sun fito raɗa-raɗa.

"Auta," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Kira shi."

Ko sunansa ma ya daina kamawa.

Wanda ake nufi shi ne Injiniya. Haka kowa ke kiransa a layin gareji, kuma shi nake so, shekara biyu ke nan. Ba ƙaramin yaro ba ne, ni ma ba yarinya ba ce. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, shi kuma giyar mota yake gyarawa, irin ta zamani da sauran makanikai ke gudu. Wata uku da suka wuce, saura ƙiris Baba ya ce masa ya turo manyansa. Sai maganar mota ta shigo.

Baba ya karɓi kuɗin sallamarsa ya ce yana son ƙaramar mota ta hannu, otomatik, wadda ba za ta wahalar masa da gwiwa ba. Ni ce da rawar kaina na ce, "Baba, ga Injiniya, shi zai zaɓo maka." Ina so a ga ranarsa a gidanmu. To, an gani.

Sati shida motar ta yi lafiya, sai ta fara fizga. Injiniya ya ɗauke ta ya canza mata kuloci, ya dawo da ita tana tafiya sumul. Yau sati shida cif da gyaran, ga mu a shataletale.

Minti ashirin bai cika ba ya iso a kan babur, motar janwe na biye da shi. Ya durƙusa a bakin titi ya gai da Baba. Baba ya miƙa masa makulli kamar mai miƙa wa bango, ya tsayar da tasi, ya ce mu shiga.

Da yamma na dawo daga aiki na tarar Gwaggo ba ta tafi ba. Ƙanwar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma in ta samu magana ba ta saki sai ta ga bayanta. Ta baje a doguwar kujera da ƙaton ƙulu a goshi, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa.

"Ni fa tun ranar da aka ce min sana'arsa giya, na san ba za a wanye lafiya ba."

"Gwaggo, giyar mota ce," na ce.

"Ko ta mota ko ta kwalba, ga shi dai ta bugar da mu a tsakiyar titi."

Umma ta kau da kai don kada dariya ta kuɓuce mata.

Na san inda Gwaggo ta dosa. Mijinta yana da ɗan wa mai kantin sayar da motoci, wanda ya daɗe yana aiko min da gaisuwa ina mayarwa. A raina Mai Turare nake kiransa, don ƙamshinsa yana riga shi shiga ɗaki, in ya fita kuma sai an buɗe tagogi. Ba shi da wani aibu da zan nuna da yatsa. Ba na sonsa ne kawai.

"Yaron nan da ya ji labari ɗazu, har ƙwalla ya yi," in ji Gwaggo. "Ya ce a ba shi wannan akwalar, ya kawo wa Yaya sabuwa dal. Wannan shi ne ɗan mutunci. Ba wanda zai haɗa baki da dillalai ya kwaso wa surukinsa ruɓaɓɓiyar mota ba."

"Wallahi bai haɗa baki da kowa ba!"

"Ji min 'ya! Ke kina wurin?"

Ana cikin haka aka yi sallama. Injiniya ne, ya wanke hannu ya canza riga, amma baƙin mai bai bar gefen farcensa ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

Baba ya rage ƙarar rediyo.

"Ba dogon zance zan yi da kai ba," ya ce. "Kai ka duba motar nan ka ce lafiyarta ƙalau. Ta lalace, ka gyara. Ta sake lalacewa. Cikin biyu akwai ɗaya: ko ka cuce ni, ko ba ka san aikinka ba. Macuci ba na ba shi 'yata. Wanda bai san aikinsa ba, da me zai riƙe ta?"

"Baba, ka yi haƙuri, zan gyara..."

"Ba gyara nake tambayarka ba. Gyara ai ka yi. Abin da ke kashe ta nake so ka faɗa min. Na ba ka zuwa Asabar da hantsi. In ka zo da amsar da hankali zai ɗauka, mu ci gaba daga inda muka tsaya. In ba ka da ita, ka ajiye makulli a bakin ƙofa, kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Na zube a gabansa. "Baba, don girman Allah, me ya haɗa aurena da ƙarfe?"

"Ke kika haɗa su," ya ce, ya mayar da rediyonsa.

Kwana biyu ina kiran Injiniya, sai ya ce min yana ƙarƙashin mota, zai kira. Ba ya kira. Ranar Alhamis na kasa daurewa. Da aka tashi hutun rana na cire farar rigar aiki na nufi gareji.

A can ƙarshen rumfa na same shi. Motar Baba tana kan jak, cikinta a buɗe. Ya sauke giyar gaba ɗaya ya ɗora a kan tebur, ya jera ƙusoshi a cikin murfin fenti, kowanne da wurinsa. Shi kuma yana zaune a kan tsohuwar taya ya zuba wa teburin ido. Ya rame.

"Ka gano?" na ce, ko gaisuwa babu.

Ya ɗago kai. "Na gano."

Wani sanyi ya ratsa ni. "Alhamdulillahi! To me ya hana ka kira ni? Kwana biyu ko abinci ba na iya ci!"

"Zo ki gani, Likita."

Haka yake kirana in yana son ya tsokane ni, amma yau babu wasa a muryarsa. Ya ɗauko wasu faya-fayen ƙarfe guda biyu ya ajiye a gabana. Ɗaya fes yake. Ɗayan ya ƙone, ya yi shuɗi-shuɗi kamar gindin tukunyar da aka manta a wuta.

"Kowa otomatik yake ce wa motar nan, don ba ta da abin taka kuloci," ya ce. "Amma a cikinta kuloci biyu ne, irin na mota mai giyar hannu. Ɗaya yana riƙe da giya ta ɗaya, ta uku da ta biyar. Ɗayan yana riƙe da sauran. Na'ura ce ke taka su a madadin direba. In kin taka totur sai ta saki kuloci, motar ta tafi. In kin taka birki sai ta danne shi."

"To?"

"To in aka taka su biyun tare fa? Totur yana cewa tafi, birki yana cewa tsaya. Sai na'urar ta riƙe kulocin a tsakiya, bai kama ba, bai saki ba. Yana gurzawa, yana zafi, har ya ƙone. Kin ga wannan na giya ta ɗaya ne, wanda ake tashi da shi. Sabo na saka. Sati shida ya cinye shi."

"Wa zai taka birki da totur tare? Ai sai mahaukaci."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya buɗe ƙofar direba ya haska min ƙasa da fitilar waya. Robar da ke kan birki ta cinye ta gefen hagu, har ƙarfe ya leƙo. Gefen dama kuwa kamar ba a taɓa taka shi ba.

"Na jona kwamfuta, ita ma abin da ta nuna ke nan," ya ce a hankali. "Auta, shekara talatin da biyar ƙafar hagun Baba tana kan kuloci. Yanzu ta shiga motar da babu kuloci, sai ta nemi abin da ke kusa ta kwanta a kai. Bai san yana yi ba. Duk inda ya je, birki yana ɗan danne, jar wutar baya a kunne."

Na dafa motar. Na tuna yadda Baba ke zama a mota, gwiwar hagu a ɗage, a shirye kullum. Tun ina ƙarama haka nake ganinsa.

Amma daɗi ya fi ƙarfin tausayi a lokacin, ba zan ɓoye ba.

"Shi ke nan ai! Ba laifinka ba ne! Ranar Asabar ka ɗauki faifan nan ka nuna masa."

"In ce masa me?"

"Gaskiya mana!"

"In kalli mutumin da ya haife ki, a gaban matarsa da ƙanwarsa, in ce masa bai iya tuƙi ba?"

"Ba haka za ka ce ba..."

"Duk yadda na juya ta, haka zai ji ta. Kin ga fuskarsa ranar Litinin da ya miƙo min makulli? An gaya min abin da ɗan tasin nan ya faɗa masa. Yanzu ni ma in je in maimaita, da hujja a hannu?"

Hawaye suka ɓalle min. "To me za ka ce?"

"Zan ce ni na yi kuskure wajen ɗaurawa. In saka sabo, in roƙe shi ya bar mai kantin motocin nan da Gwaggo take yabo ya canza masa da otomatik ta gaske, wadda za ta jure. Shi ke nan, ba wanda zai sani."

"Ni fa?"

Ya kau da kai wajen teburin.

"Ni fa, Injiniya? Ka ji abin da ya ce. Wanda bai san aikinsa ba, ba zai ba shi ni ba. Ka zauna kwana biyu a kan tayar nan ka yanke hukunci, ka fitar da Baba, ka fitar da mota, har mai kantin ka yi masa hanya. Ni kaɗai ce ba ka saka a lissafin ba!"

"Ke ce farkon wadda na saka." "In na ce laifina ne, na rasa ki. In na ce nasa ne, kina ganin zai ɗauki 'yarsa ya ba wanda ya kunyata shi? Nan ma na rasa ki, kuma na karya dattijo a banza. Ta kowace hanya babu ke. Gara in zaɓi wadda shi zai tsira."

"Ba ka sona."

"Kada ki faɗi haka."

"Ba ka sona! Da kana sona da ka yi faɗa a kaina, ko sau ɗaya!"

Makanikan rumfar kusa suka daina buga guduma. Ban damu ba. Na tsaya a tsakiyar baƙin mai da takalmin aikina ina kuka wiwi, shi kuma yana tsaye da ƙonannen faifai a hannu, idanunsa jawur.

"Ki yi min alkawari ba za ki faɗa masa ba," ya ce.

Na juya na tafi ban amsa ba.

Ranar Juma'a na samu Umma ita kaɗai a kicin tana wanke-wanke. Na tura ƙofa na zayyane mata komai. Na zaci za ta yi mamaki. Sai ta ci gaba da cuɗa kofin da ke hannunta har na gama.

"Yaron nan yana da hankali," ta ce.

"Umma, hankalinsa zai raba mu!"

"Ki saurare ni, Auta. Tun da babanku ya bar aiki, wa ke kiransa a waya? Da, kafin gari ya waye an fara nemansa. Yanzu in bai ɗauki makullin nan ya ce zai kai wani wani wuri ba, ba shi da dalilin saka hula. Me kike gani ya sa yake kai ki aiki kullum, alhali ga motar asibiti? Tuƙin nan shi kaɗai ya rage masa."

"To ni a sadakar da ni ke nan?"

"Ba wanda zai yi miki dole da wancan mai ƙamshin. Amma wannan maganar, ki bar ta a cikinki. Ki yi haƙuri."

Haƙuri. Kowa a gidan nan yana da wanda yake tausayi, kuma ba ni ba ce.

Asabar da hantsi falonmu ya cika. Gwaggo ta riga kowa zuwa. Mai Turare ya zo da wata farar mota tana ƙyalli, ya ajiye ta a ƙofar gida inda duk maƙwabta za su gani, ya ɗora makullin a kan tebur kusa da gilashin Baba. Umma tana bakin ƙofar ɗaki. Ni ina tsaye a bayan kujera, don na san in na zauna ba zan iya tashi ba.

Ƙarfe goma daidai muka ji tsayuwar motar Baba, lafiya lau, ko tari babu. Injiniya ya shigo da sallama ya zauna a inda ya zauna ranar Litinin. Hannunsa babu komai sai makulli. Bai zo da faifan ba.

"Ina jin ka," in ji Baba.

"Baba, na saka sabon kuloci, motar ta tashi." "Abin da ya kashe wancan kuma, ni ne. Ban daidaita shi yadda ya kamata ba lokacin da na ɗaura. Kuskurena ne. Ka yafe min."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ka ji ko, Yaya? Da bakinsa!"

Mai Turare ya gyara zaman agogonsa, yana ta ƙoƙarin ɓoye murmushi.

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Na gode da ba ka wahalar da ni ba. Ajiye makullin. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Injiniya ya ajiye makullin a ƙasa. Ya miƙe. Bai dube ni ba, kuma na san in ya fita ƙofar nan ya fita ke nan.

"Ƙarya yake yi!"

Ban san lokacin da ta fito ba. Kowa ya juyo.

"Auta!" in ji Umma.

"Ƙarya yake yi, Baba. Ba shi ba ne. Ƙafarka ce." Kuka ya ci ƙarfina, amma na ci gaba, don na san in na tsaya ba zan ƙarasa ba. "Ƙafarka ta hagu. Ta saba da kuloci, yanzu a kan birki take kwanciya. Kana taka totur, birki yana danne, shi ne kulocin yake ƙonewa. Robar birkin ta cinye ta hagu, na gani da idona. Duk inda ka je, jar wutar baya a kunne take. Ya sani, ya ƙi faɗa don kada ka ji kunya!"

Fankar sama kaɗai ke juyawa.

Gwaggo ce ta fara farfaɗowa, ta miƙe tana huci.

"Ke don ubanki, saboda namiji za ki tsaya ki ce Yaya bai iya mota ba? Wace irin jar wuta? Wannan ta bayan? Ai kullum in ya sauke ni ya ja mota ina kallonta a kunne har ya sha kwana! Haka aka ƙera ta, ado ne!"

Ta dubi Mai Turare don ya goya mata baya. Shi da ke sayar da motoci ya san abin da ta faɗa. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Me?" in ji Gwaggo. "Me na ce?"

Baba ya miƙe. Ya sunkuya da kansa ya ɗauki makullin daga ƙasa, ya fita. Ba wanda ya bi shi. Ta taga na hango shi ya shiga motar, ya tayar, ya ja ta a hankali. Bai kai ƙarshen katangarmu ba ya tsaya. Na ga ya sunkuyar da kai yana duban ƙasa, wajen ƙafafunsa.

Ya daɗe a haka. Na ƙirga motoci bakwai da suka kewaye shi suka wuce.

Da ya dawo, sai na ga kamar rigar ta yi masa yawa. Bai zauna ba. Ya ɗauki makullin farar motar ya miƙa wa Mai Turare.

"Na gode, ɗana. Ka gai da babanka."

"Baba, ai kyauta ce..."

"Na ce na gode."

Mai Turare ya fita sum-sum. Gwaggo ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu, ta rufe. Sannan ya juya ga Injiniya, wanda ya sake zubewa a ƙasa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Laraba, Baba."

"Tun Laraba. Kuma ka zauna a falona, ka kalli furfurata, ka shirya min ƙarya."

"Baba, girmanka na duba..."

"Girmana? Da na karɓi maganarka na ci gaba da yawo a titi da ƙafa a kan birki, ranar da na jawo wa wani hatsari, girman nawa zai tashe shi? Kai ne makaniken. Aikinka ka faɗa wa mai mota abin da ke damun motarsa, ko zai mutu don haushi." Ya yi gyaran murya. "Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba wannan ba ne. Wanda ya ɓoye min wannan don kada raina ya ɓaci, gobe in 'yata tana kwance ba lafiya a gidansa, zai ce min tana barci."

Injiniya ya kifa kai a gwiwa. Kafaɗunsa suna rawa.

"Malam," Umma ta ce a hankali, "maganar yaran fa?"

Na riƙe bayan kujerar.

Baba ya juya makullin a hannunsa, ya sake juyawa.

"Gobe ƙarfe bakwai ka zo," ya ce wa Injiniya. "Ba wajenta ba, wajena. Za ka zauna a gefena mu zaga gari. Duk sanda ƙafar nan ta taɓa birki, ka faɗa min da ƙarfi, kana kallon idona. Ranar da ka iya yin haka ba ka sunkuyar da kai ba, ranar za mu yi maganar aure. In ka kasa, ka san hanya."

"Zan zo, Baba. Wallahi zan zo."

Daɗi da kuka suka haɗe min a ƙirji. Na zagayo da sauri na durƙusa a kan hanyarsa, na kama gefen rigarsa.

"Baba, ka yafe min. Wallahi ba don in tozarta ka na faɗa ba. Ba ni da yadda zan yi ne."

Ya tsaya. Ina jiran ya yi min faɗa, ko ya zage ni, ko ma ya ɗaga hannu, duk zan ɗauka. Sai ya sa yatsu biyu ya zare rigarsa daga hannuna a hankali.

"Daga Litinin ta riƙa bin motar asibiti," ya ce wa Umma.

"Baba!"

Tun da aka haife ni ban taɓa kiransa ya ƙi amsawa ba, ko yana tsakiyar magana da manya. Ya shiga ɗakinsa ya turo ƙofa.

"Baba," na sake cewa.

Sai na ji ya murɗa makulli ta ciki.